Gidan Arewa: Yadda Gidan Sardauna Ya Zama Taskar Tarihi

A lamba ta 1, Titin Rabah, cikin garin Kaduna, akwai gidan da ya kamata kowane ɗan gabashin Sakkwato ya san labarinsa. Nan ne Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zauna yana Firimiyan Jihar Arewa. Yau shi ake kira Gidan Arewa, cibiyar adana takardun tarihi da bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Mai gidan haifaffen Rabah ne, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, wanda shi kuma ɗa ne ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno tun 1837. Bayan ya gama Kwalejin Katsina ya koyar a Sakkwato, aka naɗa shi Sarkin Rabah a 1934, aka ba shi sarautar Sardauna a 1938, ya zama Firimiya a 1954. Cikin daren da aka wayi gari 15 ga Janairu 1966, ana cikin watan azumi, sojoji a ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka far wa gidan, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu, wuta kuma ta ci wani sashe na ginin.

Bayan shekara guda ita kanta Jihar Arewa ta gushe. A 1967 gwamnatin Yakubu Gowon ta raba ta gida shida, daga baya aka kafa hukumar riƙon ƙwarya da za ta kula da kadarorin da jihohin suka gada tare. Motoci da gine-gine suna rabuwa, amma tarihi ba ya rabuwa shida ba tare da ya lalace ba. A 1970 aka ɗora wa wani kwamiti nauyin rubuta tarihin Arewacin Najeriya, kuma daga aikin wannan kwamiti Gidan Arewa ya samo tushe. A 1972 hukumar ta amince a mai da gidan Firimiya mazaunin cibiyar, sannan a 1975 aka miƙa ragamarta ga jami'ar da Sardauna ya kafa a Zariya a 1962.

Shugaban cibiyar na farko shi ne Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila wanda ya musulunta, ya kuma kafa sashen tarihi na jami'ar. Shi ne ya dage cewa ba za a rubuta tarihin ƙasar Hausa daga rahotannin 'yan mulkin mallaka kaɗai ba, dole a koma ga abin da Shehu da Abdullahin Gwandu da Bello da almajiransu suka rubuta da hannunsu. Ya rasu a 1984. Magadansa, irin su Dokta Bashir Ikara da Dokta Hamid Bobboyi, suka faɗaɗa aikin.

Mai ziyara a yau zai tarar da ɗakin karatu, da ma'ajiyar takardun ofishin Firimiya, da rubuce-rubucen Larabci da na ajami, ciki har da littattafan Modibbo Ahmadu Fufore da aka kawo daga Adamawa. Akwai zauren taro inda ake laccoci kan makomar Arewa, da gidan kayan tarihi mai nuna rayuwar Sardauna da al'adun jihohin Arewa. Inda aka zubar da jini ya zama inda ɗalibi ke neman digiri na uku, kuma babu karramawar da ta fi wannan dacewa da mutumin da ya fara aiki da alli a hannu.

Sai dai tushen wannan tarihi yana bakin kogin Rima da na Sakkwato. Ribaɗin da Bello ya kafa a Wurno da hubbarensa suna nan, haka ma Rabah inda aka haifi Sardauna. A zaurukan malaman Wurno da Rabah da Goronyo akwai tsofaffin littattafai cikin gafaka, gara da damina suna yi musu barazana. Ya kamata gwamnatin Jihar Sakkwato da Majalisar Sarkin Musulmi su haɗa hannu da Gidan Arewa, a ɗauki hoton waɗannan takardu, a gyara gine-ginen, a horar da 'ya'yan garuruwan su zama masu kula da su.