Tarihin Cibiyar Chatham House

Chatham House cibiya ce mai zaman kanta da ke birnin Landan, wadda ke nazari kan harkokin diplomasiyya da dangantakar ƙasa da ƙasa.

Cibiyar ba reshen gwamnatin Birtaniya ba ce, kuma bisa tsarinta ba ta ɗaukar matsayi a kan batutuwan siyasa. Duk ra'ayin da ya fito a rahotanninta na marubutansu ne.

Asali

Tunanin kafa ta ya samo asali ne a taron sulhu na birnin Paris a shekarar 1919, bayan yaƙin duniya na ɗaya.

A can ne wani jami'in Birtaniya, Lionel Curtis, ya shawarci wakilan ƙasarsa da na Amurka da su kafa wata cibiya da za ta riƙa nazarin matsalolin duniya bisa ilimi, domin kauce wa sake aukuwar irin wancan yaƙi.

Daga baya kowane ɓangare ya kafa tasa: ta Birtaniya a shekarar 1920, ta Amurka kuma, wato Council on Foreign Relations, a birnin New York a 1921.

A 1923 ne wani attajiri ɗan Kanada, Kanar Leonard, ya ba cibiyar kyautar gidan da take ciki a dandalin St James. Firaministocin Birtaniya uku sun taɓa zama a gidan, ciki har da William Pitt, mai sarautar Chatham, wanda daga gare shi sunan ya fito.

Ƙa'idar Chatham House

An fi sanin cibiyar da wata ƙa'ida da ta tsara a 1927. Idan aka yi taro a ƙarƙashinta, mahalarta na da damar amfani da abin da suka ji, amma ba za su bayyana wanda ya faɗa ba, ko hukumar da yake wakilta.

Manufar ita ce jami'ai su faɗi abin da ke ransu ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba.

Sai dai yawancin jawaban da manyan baƙi ke yi a zaurenta a bainar jama'a ake yinsu. Mahatma Gandhi ya yi jawabi a can a 1931.

Afirka

Cibiyar ta buɗe sashen Afirka a 2002, kuma a 2008 ta ba shugaban Ghana na lokacin, John Kufuor, lambar yabonta ta shekara-shekara.

A Najeriya sunanta ya bazu ne a watan Fabrairun 2015, lokacin da Janar Muhammadu Buhari ya yi jawabi a can yana ɗan takarar adawa. Gabanin zaɓen 2023, Bola Tinubu da Peter Obi da Rabi'u Musa Kwankwaso duk sun bayyana a zauren.

Wasu 'yan ƙasar sun soki wannan al'ada, suna cewa a gida ya kamata 'yan takara su amsa tambayoyi.

Kuɗin shiga

Cibiyar dai na samun kuɗi daga mambobinta, da gidauniyoyi, da kamfanoni, da wasu ma'aikatun gwamnatoci masu ɗaukar nauyin bincike.

Masu suka na ganin hakan zai iya shafar 'yancinta, ita kuwa tana cewa masu ba da kuɗi ba su da ta cewa a sakamakon bincikenta.

A 2022 hukumomin Rasha sun sa ta cikin jerin ƙungiyoyin da suka haramta wa aiki a ƙasar.