Tarihin Maƙwabtanmu: Zumuntar Matan Cocin Metodis

Duk wanda ya daɗe a nan Sabon Badun ya saba ganinsu. Ran Lahadi, ko ranar jana'izar wata tsohuwa, sai ka ga mata sun jero cikin anko, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, suna tafe suna waƙa. Mukan ce "matan coci ne", mu wuce. Alhali a cikinsu akwai wadda muke sayen manja a wurinta, akwai malamar da ta koyar da yaranmu a firamare, akwai kuma ungozomar da ta karɓi haihuwar wasunmu. Tun 1916 da aka kafa wannan unguwa muke zaune kusa da su, amma ƙalilan ne a cikinmu suka san asalin ƙungiyar tasu.

Abin ya faro ne daga bashi. A shekarar 1742, a garin Biristol na Ingila, mabiyan John Wesley, wanda ya kafa tafarkin Metodis, sun gina ɗakin taro suka kasa biyan kuɗinsa. Sai aka kawo shawarar a raba jama'a kashi-kashi, mutum goma sha biyu a kowane aji, da shugaba guda, kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya duk mako. To, mai bi gida-gida karɓar kwabo ai shi ke fara sanin wanda ba shi da lafiya, da wanda ya kwana da yunwa, da gidan da ake rigima. Kafin a jima karɓar kuɗi ya koma zumunci, aka mai da aji ginshiƙin cocin baki ɗaya. Tun a wancan lokaci ana ba mata shugabancin ajin mata, abin da ba kasafai ake yi ba a coci-cocin Ingila na zamanin. Wesley kansa a hannun irin wannan mace ya tashi, don mahaifiyarsa Susanna takan tara mutane a gidanta ta yi musu karatu in mijinta ya yi tafiya.

Wannan tsari ya iso ƙasarmu ran 24 ga Satumba, 1842, lokacin da Thomas Birch Freeman ya sauka a Badagiri daga ƙasar da yanzu ake kira Gana. Littattafai sukan ambaci sunansa su tsaya. Amma da ya koma, William de Graft da matarsa ya bari, su ne suka zauna suka buɗe 'yar makarantar yara. Wato tun daga ranar farko akwai hannun mace a cikin aikin.

A nan ƙasar Yarabawa kuwa, sai abin ya tarar da gida a share. Matan nan dama 'yan kasuwa ne, da kuɗinsu a ƙugu, kuma sun saba da ƙungiya, wadda suke kira egbe, da adashe, wanda suke kira esusu ko ajo. Ba sai an koya musu yadda ake riƙe asusu ba. Sai kowace majami'a ta cika da ƙungiyoyin mata, kowace da uwarta, da ma'ajiyarta, da tararta ga mai makara. Dattijuwar da ta fi kowa daraja ana naɗa ta Iya Ijo, wato uwar jama'a, kuma faston da ya raina maganarta ba ya jin daɗin zama. Su ke zuwa dubiya, su ke girkin biki da na makoki, su ke sasanta mata da miji kafin magana ta kai kotu. In lokacin bikin godiya na kaka ya zo, ƙungiyoyin sukan yi gasar wa zai fi bayarwa, kuma da irin wannan kuɗi aka rufa coci da dama da kwano.

Inda suka fi barin tarihi shi ne karatun 'ya'ya mata. A 1858 matan Metodis na Ingila suka kafa kwamitinsu na aikin mishan, suna tara kuɗi suna tura malamai mata ƙasashen waje. A Ikko an buɗe makarantar 'yan mata ta Metodis a 1879, shekara guda kacal bayan ta maza. A nan Badun, a 1928, Metodis da Angilika suka haɗa kai suka kafa kwalejin horar da malamai mata, wadda aka fi sani da UMC. Gaskiya karatun farko bai wuce ɗinki da girki da tsabtar gida da Baibul ba, don Turawan so suke su samar wa malaman coci matan aure. Amma yarinyar da ta iya karatu ba ta tsaya inda aka so ta tsaya ba. Da Awolowo ya kawo ilmin firamare kyauta a 1955, malamai mata da yawa da suka shiga aji daga irin waɗannan makarantu suka fito.

Mu kuwa iyayenmu sun ja da baya, kuma suna da hujjarsu: makarantar mishan ba ta ɓoye cewa tana neman mabiya ba, ba wanda zai so ya kai 'yarsa ta dawo da wani suna. Sai dai ko bayan da gwamnati ta karɓe makarantun a shekarun 1970, mun daɗe ba mu saki jiki ba, kuma 'yan matanmu ne suka biya kuɗin wannan jinkiri, suna talla yayin da sa'o'insu ke zama nas-nas da malamai.

Waɗanda suka zauna a arewa sun san 'yar'uwar wannan ƙungiya, Zumuntar Mata, masu waƙa da Hausa suna buga tulu, har da na cocin Metodis na Taraba, wanda shi asalinsa daga mishan ɗin Amurka ne.

Cocin Metodis na Nijeriya ya sami 'yancin kansa daga Ingila a 1962. Daga baya rikicin shugabanci ya raba shi biyu, ba a sasanta ba sai 1990. Duk tsawon wannan lokaci muƙamai a hannun maza suke, aji da asusu da tukunya kuma a hannun mata. Sai a 2022, shekara 180 cif bayan saukar Freeman a Badagiri, cocin ya zaɓi mace ta farko, Nkechi Nwosu, a matsayin bishop.