Kifin da Ya Bar Hotonsa a Takarda

Tun kafin kyamara ta shiga hannun kowa, masuntan Japan sun san yadda za su rufe bakin mai musu. Idan mutum ya kamo ƙaton kifi, sai ya goge masa yauƙi, ya shafe gefe ɗaya da baƙar tawadar kunkunniya, ya shimfiɗa takarda a kai, ya bi da yatsu yana dannawa sannu a hankali. Yana ɗagawa, sai ga kifi ya fito daidai girmansa, har ƙayoyin bayansa. Ido kaɗai ake zanawa da hannu daga baya.

Sunan al'adar gyotaku. Bugu mafi tsufa da aka sani na 1839 ne, na kifin da aka kama a Edo, wato Tokyo ta yau, kuma yana ajiye a birnin Tsuruoka. Sarakunan Shonai, yankin da Tsuruoka take, sun ɗauki kamun kifi tamkar horo ga mayaƙansu.

Rubutun da ake yi a gefen takardar ya fi komai taɓa zuciya: ranar kamu, wuri, nauyi, sunan masunci da na mai shaida. Har yau ana manna irin waɗannan takardu a bangon shagunan sayar da fatsa.