Yadda Gajiyar Mutum Ɗaya Ta Jefa Kuɗin Masu Bitcoin Cikin Haɗari a 2018

Jama'a, yawancin manhajojin da ke wayoyinmu ba kamfanin da ya fitar da su ne ya rubuta komai da komai ba. Ana harhaɗa su ne da ƙananan guntayen manhaja da wasu suka rubuta suka saki kyauta, kowa ya ɗauka. Su ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke kula da irin wannan guntu, ba albashi, ba ko na kati. To, ranar da ya gaji fa?

Ga abin da ya faru da event-stream. Wani ɗan ƙasar Niyu Zilan mai suna Dominic Tarr ne ya rubuta shi, ya ajiye a rumbun npm, inda masu aiki da yaren JavaScript ke ɗibar kayan aiki. Abu ya karɓu, har ana sauke shi kusan sau miliyan 2 a mako. Shi kuwa mai shi ya daɗe da daina amfani da shi.

A 2018 wani mai lakabin right9ctrl ya tuntuɓe shi, ya ce zai ci gaba da kula da aikin. Tarr ya miƙa masa makulli. A watan Satumba sabon mai kulawar ya cusa wani guntu mai suna flatmap-stream, wanda aka ɓoye muguwar lamba a cikinsa. Lambar ba ta taɓa kowa, sai in ta tsinci kanta a cikin Copay, wato manhajar ajiyar Bitcoin ta kamfanin BitPay. Nan za ta duba asusun da ke da sama da Bitcoin 100, ta tura makullan sirrinsa waje.

Sai a watan Nuwamba asiri ya tonu. npm ya cire guntun, BitPay ya ce Copay 5.0.2 zuwa 5.1.0 ne abin ya shafa, ya fitar da 5.2.0, ya kuma nemi mutane su kwashe kuɗinsu zuwa sabon asusu.

Wasu sun yi wa Tarr ca. Amma fa miƙa aiki ga mai sha'awar ci gaba da shi al'ada ce a wannan fage, kuma kamfanonin da ke cin moriyar aikin ba biyansa suke yi ba. Irin haka ta sake faruwa a 2024 da xz Utils: wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe sama da shekara 2 yana samun yardar mai aikin, Lasse Collin, kafin Andres Freund ya gano ƙofar ɓoye da ya dasa.

Ashe ajiye aiki ma sai da tsari. Gara mai shi ya sanar ƙarara cewa ya daina, ya kulle ma'ajiyar, duk mai so ya kwafa ya ci gaba da sunansa, da ya ba baƙo sunan da jama'a suka riga suka yarda da shi.

Kai kuma mai waya, kafin ka sauke manhaja a Play Store, duba ranar da aka yi mata sabuntawa ta ƙarshe da sunan mai ita. In tsohuwar manhajarka ta sauya hannu, ko ta fara neman izinin da ba ta saba nema ba, dakata tukuna.