Mudu da Gayauna: Tarbiyyar Ƙwazo da Gaskiya a Gidan Kirista a Ƙasar Gwandu

Kiristoci tsiraru ne a Gwandu da Kalgo. Gwandu garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, inda hubbarensa yake, kuma daga nan aka mulki yammacin Daular Usmaniyya kafin Turawa su mai da kujerar sarautar zuwa Birnin Kebbi. Kalgo kuwa ta ƙara samun baƙi tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, aka gina mazauninta na dindindin a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Yawancin Kiristocin da ke zaune a waɗannan wurare aiki ne ko fatauci ya kawo su: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, masu gyaran inji da masu shaguna, wasu daga Zuru da Yawuri, wasu daga nesa. Maƙwabcinsu Musulmi ba zai shiga majami'a ya ji abin da fasto ya faɗa ranar Lahadi ba. Zai dai aiki ɗansu kanti da naira dubu, ya ga ko canji ya dawo cif.

Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, ƙwazo da gaskiya ba su shiga jikin yaro ta kunne kaɗai, kuma iyaye da majami'u sun dogara ga wa'azi da bulala fiye da kima, alhali hanyar da ta fi ci tana nan cikin al'adun ƙasar: a damƙa wa yaro aiki na gaske da amana ta gaske daidai ƙarfinsa, sa'an nan a yi masa lissafi a kai.

Ba wanda zai ce koyarwar ta yi ƙaranci. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya yi wa hidima mai yawa, ɗan makarantar Lahadi yake jin waɗannan darussa da harshen da yake ciniki da shi a kasuwa. Sura ta 6 ta Karin Magana tana tura malalaci ya koyi darasi wurin tururuwa. Sura ta 11 ta la'anci ma'aunin algus. Manzo Bulus, wanda sana'arsa ɗinkin tanti ce, ya gargaɗi ikilisiyar Tasalonika a kan masu zaman kashe wando, ya kuma shaida wa Afisawa cewa maganin sata shi ne mutum ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin taimakon mabukaci. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne manufar aiki take bayyana a koyarwar Kirista: ana yin gumi ne don a bauta wa Allah a kuma ɗauki nauyin wani, tara dukiya na biye ne idan ta zo.

Masana zamantakewa sun daɗe suna jayayya a kan tasirin wannan koyarwa. Bajamushen nan Max Weber, a rubutunsa na 1904 zuwa 1905, ya yi hasashen cewa aƙidar mabiya John Calvin, wadda ta ɗauki sana'a a matsayin kira daga Allah ta kuma hana almubazzaranci, ta taimaka wajen haifar da jari-hujjar zamani a Turai. Masu wa'azi suna son wannan magana, don tana yi musu daɗi. Amma a 2009 wasu masana tattalin arziki biyu, Sascha Becker da Ludger Woessmann, sun bi ƙidayar gundumomin Furushiya ta ƙarni na 19, suka gano cewa ratar arzikin da ke tsakanin yankunan Furotesta da na Katolika iya karatu ne ya fi bayyana ta. Martin Luther ya nace kowa ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, sai aka buɗe makarantu, yara maza da mata suka iya karatu, karatun kuma ya yi musu amfani a sana'a. Aƙidar ta yi aiki ne ta hannun wani abu da aka riƙa yi kullum, shekara da shekaru.

Akwai kuma abin da ya kamata Kirista mazaunin Gwandu ya sani don kada ya yi alfaharin da bai dace ba. Ƙasar da yake zaune a ciki tana da tata tsohuwar koyarwa a kan neman halaliya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Tanbihus Sahib a kan hukunce-hukuncen sana'a da neman abin kai. Shi kansa Malam Abdullahi, da ya ga son abin duniya ya fara shiga cikin jama'ar jihadi, ya bar rundunar ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam don ya nuna wa masu mulki iyakarsu. Kowane ɗan makarantar allo ya haddace Suratul Muɗaffifina, wadda ta yi kashedi ga masu tauye mudu. Baturen nan Anthony Kirk-Greene, a laccarsa a kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya sa gaskiya da amana a cikin siffofin da Bahaushe yake auna mutum da su. Ma'aunin da ake ɗora ɗan Kirista a kai a Kalgo ko Gwandu, ashe, ba baƙon ma'auni ba ne. Addinan biyu sun yi tir da tauye mudu, amma har yau ana bubbuge gindin kwanon awo a kasuwanninmu, kuma masu bubbugewar duk sun ji wa'azi.

Binciken da ya fi tayar da hankali a wannan fanni tsoho ne. A 1928 Hugh Hartshorne da Mark May sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa yara fiye da 10,000 a Amurka, inda aka ba su damar yin maguɗi a jarrabawa da wasanni da kuɗi ba tare da sun san ana lura da su ba. Abu biyu suka fito fili. Yaron da ya yi gaskiya a wani wuri yana iya yin ha'inci a wani, gwargwadon sauƙin abin da kuma halin abokansa. Na biyu, zuwa makarantar Lahadi bai kawo wani bambancin a zo a gani ba. Yaran sun san amsar da ta dace idan aka tambaye su mene ne gaskiya. Sani daban, hali daban.

To, ina hali yake samuwa? A dubi yaron da aka tura koron tsuntsu a fadamar shinkafa ta Kalgo lokacin da ta fara nuna. Tun da asuba yake kan rumfa ko bakin kunya, da majajjawa a hannu, da igiyar da aka rataya wa gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Ba mai duba shi. Idan ya yi barci ko ya bi abokai wanka, garken janbaki zai sauka, kuma kafin ya farga wani gefen gonar ya koma ƙaiƙayi. Ranar girbi buhu zai faɗi gaskiyar abin da ya yi, a gaban kowa, ba tare da an zage shi ba. Aikin na gaske ne, asarar ta gaske ce, kuma tuwon gidansu ne a ciki.

Tsohon tsarin gandu da gayauna ya fi wannan zurfi. Saurayi yana noma gandun mahaifinsa tare da 'yan'uwansa a ranakun da aka tsayar, amma ana yanka masa gayaunarsa, wadda yake nomawa a lokacin kansa, abin da ya samu kuma nasa ne. A gandu yake koyon yi wa gida aiki, a gayauna yake gane cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Mutanen Zuru, waɗanda mishan ɗin da ya zama ikilisiyar UMCA ya fara aiki a cikinsu a shekarun 1920, sun zo da nasu gadon. A al'adar golmo ta Dakarkari, samari kan haɗu ƙungiya su yi wa surukansu noma har shekara 7 kafin a ba su mata. Duk ɗan makarantar Lahadi zai tuna da Yakubu, wanda ya yi wa Laban kiwo shekara 7 saboda Rahila. Ba ina kiran a dawo da golmo yadda yake a da ba, don makaranta da aikin albashi sun canza zaman. Abin lura shi ne kakannin waɗannan yara sun koyi juriya da fartanya a hannu, jikokinsu kuwa, 'ya'yan ma'aikata a gidan haya, sau da yawa ba su da ko akuya ɗaya da ke wuyansu. An bar musu nasiha, an ɗauke musu aiki.

Sai batun bulala. Iyaye da yawa suna kafa hujja da Karin Magana a kan sandar horo, suna ganin duka ne yake fitar da ƙarya daga bakin yaro. Victoria Talwar da Kang Lee sun gwada wannan a 2011 a makarantu biyu na wata ƙasar Afirka ta Yamma, ɗaya ana dukan yara, ɗaya ba a yi. Aka bar ƙananan yara su kaɗai a ɗaki, aka ce kada su leƙa abin wasan da ke bayansu. A makarantun biyu yawancinsu sun leƙa. Da aka tambaye su, a makarantar da ba a duka ɗan fiye da rabi ne suka musa, a makarantar bulala kuwa kusan dukansu suka yi ƙarya, kuma sun fi iya rufe ta idan aka bi su da wasu tambayoyi. A wani gwajin na 2014, Lee da abokan aikinsa sun ga cewa labarin da ya nuna an yaba wa yaro don ya amsa laifinsa ya ƙara sa yara faɗin gaskiya, labaran tsoratarwa a kan makomar maƙaryaci kuwa ba su yi tasiri ba. Wannan ba ya nufin a daina horo. Yana nufin uwar da ɗanta ya zo da kansa ya ce shi ya fasa tulu, ta kuma zane shi daidai da yadda za ta zane shi in da kama shi ta yi, ta koya masa cewa gaskiya ba ta da riba. Gobe zai ce akuya ce.

Mafi munin makaranta, duk da haka, ita ce abin da yaro yake gani a hannun manya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ya sa ɗansa ya zuba shinkafa mai tsakuwa a ƙasan buhu ya rufe da mai kyau a sama, ya gama yi masa darasin da makarantar Lahadi ta shekara ba za ta goge ba. Haka uwar da ta ce wa 'yarta ta shaida wa mai bin bashi ba ta nan. Haka ma'aikacin da yake sa hannu a rajista da ƙarfe takwas alhali sha ɗaya ya iso. Nijeriya tana da dokar hukunta satar jarrabawa ta 1999, amma kowa ya san akwai iyayen da suke biyan kuɗi a kai 'ya'yansu cibiyoyin da ake rubuta amsa a allo, sa'an nan idan sakamako ya fito su je majami'a su ba da shaidar abin da Allah ya yi. A ganina wannan ya fi satar kanta muni, don an sa sunan Allah a kan algus a gaban yaron da ya san yadda aka yi. Wa'azin nan na zamani da yake alkawarin arziki nan take ga duk wanda ya ba da baiko mai tsoka shi ma yana da nasa alhakin, don ya raba albarka da gumi a tunanin matasa.

Dole a ja layi a wani wuri, kada a fake da tarbiyya a bautar da yaro. Nijeriya ta amince da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya masu lamba 138 da 182 a 2002, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9. Yarinyar da take yawon talla a tashar mota lokacin da sa'o'inta suke aji ba ƙwazo take koyo ba, kuma shi ma yaron koron tsuntsu, in aikin ya cinye masa zangon karatu, an yi asara. Bambancin yana cikin tambayoyi masu sauƙi: aikin ya yi daidai da ƙarfinsa? Ya bar masa makaranta da barci? Akwai babba da ke nuna masa yadda ake yi, yana kuma samun wani rabo daga ciki?

Abin da ya rage aiki ne mai yiwuwa ko a gidan haya. Iyaye su ba yaro kaji biyu ko 'yar akuya, ko kwami ɗaya na albasa ko alayyafo a bayan ɗaki, ya sayar ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya cire zakkarsa da hannunsa. A lokacin hutu a kai shi wurin tela ko kafinta ko mai gyaran injin ban-ruwa, ko da maigidan Musulmi ne, in dai an san shi da amana. Zumuntar mata da shugabannin matasa su bar yara su ƙirga baikon makarantar Lahadi su karanta lissafin a gaban 'yan'uwansu. Fastoci da dattawan ikilisiyoyin Gwandu da Kalgo kuma su tsayar da magana ɗaya kafin jarrabawar bana: duk wanda zai tsaya a gaban jama'a ya yi godiya saboda sakamakon ɗansa, a fara tambayarsa a wace cibiya yaron ya rubuta, kuma nawa aka biya.