Kwalejin Hostos: Makarantar da Talakawan Bronx Suka Hana a Rufe

A kudancin Bronx, cikin birnin New York na Amurka, daidai inda titin Grand Concourse ya gitta titi na 149, akwai wata kwaleji da ake kira Hostos. Irin makarantun nan ce da Amurkawa ke ce wa kwalejin al'umma: karatun shekara biyu, kuɗin makaranta da sauƙi, ƙofa kuma a buɗe ga duk wanda ya gama sakandare, ko da magidanci ne mai 'ya'ya biyar. Abin da ya fitar da ita daga cikin takwarorinta shi ne, sai da ta kai majalisar dokokin jiha ta rubuta a cikin doka cewa za ta ci gaba da wanzuwa, kuma mutanen unguwa ne suka matsa har aka rubuta.

Ranar 22 ga Afrilu, 1968 hukumar ilimi mai zurfi ta birnin ta amince a kafa ta a ƙarƙashin jami'ar birnin, wato CUNY, bayan shugabannin 'yan Puerto Rico da sauran masu jin Sifaniyanci sun daɗe suna ƙorafin cewa an bar yankinsu babu babbar makaranta. Aka sa mata sunan Eugenio María de Hostos, malamin Puerto Rico da ya rayu daga 1839 zuwa 1903, wanda ya kafa makarantar horon malamai a Santo Domingo, ya kuma yi fafutukar ilimin mata a Chile. Shugabanta na farko likita ne, Nasry Michelen. A watan Satumba na 1970 ɗalibai 623 suka fara ɗaukar darasi a wani gini mai lamba 475 a titin Grand Concourse, wanda a da masana'antar taya ce.

Abu biyu aka ɗora makarantar a kai. Na farko aikin lafiya, domin unguwar na fama da cututtuka da ƙarancin ma'aikatan asibiti masu jin yaren marasa lafiya. Na biyu koyarwa da harshe biyu: wanda bai ƙware a Turanci ba sai ya fara tarihi ko lissafi da Sifaniyanci, yana koyon Turancin a gefe, har ya tsaya da ƙafarsa. A ganina wannan ne babban adalcin da kwalejin ta yi. Uwa mai wuni a ɗakin ɗinki ba ta da shekara uku da za ta ware wa koyon harshe kawai kafin a ba ta izinin fara ilimi.

Zuwa 1974 ɗalibai sun haura 2,000, gini ya yi musu kaɗan. Malamai da ɗalibai suka yi ta zarya zuwa Albany, babban birnin jihar, har majalisa ta zartar da doka ta musamman aka mallaka wa kwalejin gini mai lamba 500 da ke tsallaken titi. A shekarar ce kuma ta sami cikakkiyar takardar amincewa daga hukumar tantance manyan makarantu.

Murna ba ta daɗe ba. A 1975 aljihun birnin New York ya ƙone, bankuna suka daina ba shi bashi, Shugaba Gerald Ford kuma ya ƙi kawo ɗauki da farko. Da aka zo rage kashe kuɗi, shugaban jami'ar, Robert Kibbee, ya kawo shawarar a haɗe Hostos da Kwalejin Al'umma ta Bronx. Kowa ya san me haɗewar ke nufi: ƙaramar za ta ɓace, koyarwa da harshe biyu ta bi ta.

Gwagwarmayar da ta biyo baya ta hanya biyu ta tafi, kuma masu bin hanyoyin ba kullum suke jituwa ba. Gerald Meyer, malamin tarihi kuma jagoran ƙungiyar malamai a kwalejin, ya ja kwamitin da ya duƙufa kan tara sa hannun jama'a, rubuta wasiƙu da bin 'yan majalisa ofis-ofis. Ramón Jiménez, lauya kuma malami, ya ja gamayyar ɗalibai da mutanen unguwa masu ganin takarda kaɗai ba za ta yi ba. A ƙarshen Maris na 1976 suka mamaye ginin kwalejin, suka zauna kwana 20 a ciki, har 'yan sanda suka fitar da su tare da kama wasu. Har yanzu akan yi musu kan wace hanya ce ta ceci makarantar. Ni dai ina ganin zaman dirshan ne ya sa jaridu suka waiwayo, wasiƙun kuma suka nuna wa ɗan majalisa yawan ƙuri'un da zai yi asara. Ranar 9 ga Yuni, 1976 majalisar jihar ta zartar da dokar ilimi mai zurfi ta Landes, a cikinta aka tabbatar da wanzuwar Hostos. Amma nasarar ta zo da ɗaci, domin a wannan shekarar ce aka kawo ƙarshen karatu kyauta a CUNY baki ɗaya.

Ko ginin nan mai lamba 500 haka ya zauna a kulle, ba kuɗin gyara. Sai da ɗalibai da malamai suka shiga cikinsa a 1978 suka riƙa yin darasi a haka, sannan aka saki kuɗin.

Dalilin da ya sa idon kwalejin ba ya barin Albany yana cikin yadda ake biyan irin waɗannan makarantu a New York. Ƙafa uku suke tsaye a kai kamar murhu: kason jiha, kason birni, da kuɗin da ɗalibi ke biya. Kason jiha ana lissafa shi ne bisa yawan ɗalibai. Wato duk shekarar da talauci ko annoba ta hana mutane rajista, a shekara mai zuwa sai kuɗi ya ragu, a lokacin da ɗaliban da suka rage suka fi bukatar taimako. Shi ya sa kowace shekara kafin 1 ga Afrilu, lokacin da sabon kasafin jihar ke fara aiki, ƙungiyar malamai da ɗalibai kan cika motoci zuwa majalisa. Bayan annobar korona sun samu an sanya iyakar da tallafin ba zai faɗi ƙasa da ita ba, ko da rajista ta ragu.

Hujjar da suke riƙewa a hannu in sun je can, aikin sassan kwalejin ne. Sashen kimiyyar lafiya na yaye ma'aikatan jinya, masu ɗaukar hoton ƙashi da masu kula da tsaftar haƙora, yana kuma da ɗakin duba haƙora inda mutanen unguwa ke zuwa kyauta, ɗalibai na aiki a gaban malamansu. Cibiyar fasaha da al'adu da aka buɗe a 1982 ta zama dandalin kiɗa da wasan kwaikwayo na yankin. Akwai tsarin da ɗalibin injiniya zai yi shekara biyu a nan ya ƙarasa digiri a City College ta CUNY. Akwai kuma shirin ASAP da CUNY ta fara a 2007, mai ba ɗalibi katin shiga jirgin ƙasa da bas, taimakon littattafai da mai ba shi shawara na kusa. Binciken da cibiyar MDRC ta yi a wasu kwalejoji uku na jami'ar ya nuna shirin ya kusan ninka yawan masu kammalawa cikin shekara uku.

Sashen harshe ne ya fi shan wahala. A 1997, ana saura kwanaki a yi bikin yaye ɗalibai, kwamitin amintattun jami'ar ya wajabta wata jarrabawar rubutun Turanci, ɗalibai da dama suka rasa takardunsu a wannan karon. Neman ƙwarewa a Turanci ba laifi ba ne, amma sauya sharaɗi ga mutumin da ya riga ya gayyaci danginsa biki zalunci ne. Daga nan koyarwa da Sifaniyanci ta yi ta raguwa.

Unguwar ma ta sauya. 'Yan Jamhuriyar Dominika sun yi yawa a azuzuwan, ga kuma 'yan Afirka ta Yamma, domin Bronx ta zama matattarar mutanen Ghana, Nijar, Najeriya, Gini da Mali, har Hausa ana ji a masallatai da shagunanta. Félix Matos Rodríguez, wanda ya shugabanci Hostos daga 2009 zuwa 2014, shi ya zama shugaban CUNY gaba ɗaya a 2019. A 2021 kuma attajira MacKenzie Scott ta ba kwalejin kyautar dala miliyan 15, mafi girma a tarihinta a lokacin. Kyauta ce ta sau ɗaya, albashin malamai da gyaran gine-gine kuwa har gobe daga kasafin jiha da na birni suke fitowa.