Abin da maganin feshi ke yi wa kifin kogin Isa

Duk wanda ya zaga kasuwar Wadata ya ga kwalaben maganin ƙwari jere a kan tebur, har da wanda muke ce wa piya-piya. Wasu daga nan sai garake da gonakin shinkafa, irin na Gunti Yena da Saga da Kirkisoye. To ruwan waɗannan wurare, kogin Isa yake komawa.

A jikin kifi akwai wasu sinadarai da masana ke kira inzayim, kowane da aikinsa. Ɗaya daga ciki, asetilkolinestaras, shi ke share saƙon da jijiya ta aika wa tsoka da zaran saƙon ya isa, don tsokar ta saki. Piya-piya da danginsa wannan sinadari suke ɗaurewa. Sai saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa, kamar wayar da aka rasa mai ɗauka. Shi ya sa za ka ga tarwaɗa ko karfasa na juyi wuri ɗaya, tana karkarwa, tana tasowa sama neman iska.

Ba kullum kifin ke mutuwa nan take ba, nan ma matsalar take. In maganin kaɗan ne, sai ya rage cin abinci, girma ya tsaya, hanta ta taɓu. Masunci dai ya ga kamu ya ragu, ya ɗora wa ƙarancin ruwa. Mu ma fa, irin wannan sinadari ne a jijiyoyinmu.

Akwai doka. Kwamitin ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS, mai mazauni a Bamako, shi ke tantance magungunan da aka yarda a sayar. A 2007 aka hana endosulfan a yankin, maganin da ke da mugun dafi ga kifi, sannan yarjejeniyar Stockholm ta bi sahu a 2011. Amma kwalbar da aka ɗura a gefen hanya, ba takarda ba suna, wa ya san abin da ke ciki?

Malaman gona na jan kunne: kar a wanke famfon feshi a kogi ko a magudanar gona, kar a yi feshi hadari na haɗowa. Kifin da aka tsinta yana yawo a saman ruwa kamar ya bugu kuwa, kar ya shiga tukunya, kar a kai shi kasuwa.